Daɓen Shagon Sanda

"Ja ƙofar nan, Alheri! Ja ta, kada wani shi leƙo!"

Hindu ce ta faɗi haka, hannunta dafe da ƙirji. Da hantsi suka buɗe shagon don su ga yadda fentin da suka shafa jiya ya kwana. Ya kwana lafiya lau, ja wur, yana sheƙi kamar an malala manja a faranti. Sai dai abin da aka shafa shi don ya rufe, shi ne ya fito raɗau. Kowane murfin kwalba da ke binne cikin simintin ya yi zobe, hasken ƙofa ya kama bakinsa, sunayen mutane suka jeru a ƙasa daga bango zuwa bango kamar an rubuta su da safiyar nan.

Alheri ta ja ƙofa ta sa sakata. Ta tsaya tana kallon ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Jiya da ƙura a kansu sai ka durƙusa kake gani," in ji ta. "Yau ko makaho ya shigo zai karanta."

"Mun yi gyaran gangar auzinawa," in ji Hindu, ta zauna a kan wani tsohon akwatin keke.

Bari in koma baya kaɗan, kada in bar ku a duhu. Shagon na Sanda Mai Keke ne, mijin Hindu, maƙwabcinmu a bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Shekara ashirin da wani abu yana gyaran keken ɗinki a cikinsa. Telolin Shinkafi da na Zurmi, har na Birnin Tsaba, duk wanda kekensa ya fara cin zare nan yake kawo shi. Yaran yanzu iyakar abin da suka sani ke nan. Mu da muka ga jiya muka ga yau mun san kafin keke an yi kwalba. Zamanin da jirgi ke zuwa ɗaukar gyaɗa, ɗakin nan mashaya ne, kuma Sanda ne mai zubawa. Daga baya Allah Ya shirye shi, ya tuba tuba na gaskiya, ya fasa kwalabe, ya koyi gyaran keke, ya shimfiɗa leda a ƙasa ya jera tebura a kai. Abin da ke ƙarƙashin ledar ne ba mu sani ba. Ni kaina, da ake cewa ko kaza ta yi ƙwai a unguwar nan sai na ji kafin mai ita, ban sani ba sai bayan komai ya wuce.

Daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ciwo ya kwantar da shi. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, sauran jiki ya zube. Aka kai shi Gusau, likita ya duba ya ce a koma gida a yi ta addu'a. Kwana biyu da dawowarsu Sanda ya kira Hindu, ya ce ta je shago ta ɗaga gefen leda ta dawo ta faɗa masa abin da ta gani.

"Murahen kwalba na gani, Malam," ta ce da ta dawo. "An yi ado da su."

"Ba ado ba ne. Sunaye ne."

Ya ba ta labari a hankali, yana hutawa. Shekarar da ya yi wa ɗakin siminti, tun bai bushe ba, ya ce kowane mai zuwa kullum ya tara murafe ya dasa sunansa a wurin zamansa. Direbobi har lambar mota suka sa.

"Dabarar kasuwa ce," ya ce. "Wanda sunanshi ke ƙasa ba shi komawa wajen wani. To yanzu duba. Gidanga ba shi da zaure. In na cika, shago za a kwashe maza su zauna gaisuwa. Ledar nan ta mutu, mai shara naɗe ta za shi yi shi yar. Kin ga an gama."

"To sai mi?" in ji Hindu. Ita ba mai ɗaga murya ba ce, amma ranar ta ɗaga. "Wata huɗu kana kwance, wa cikinsu ya tako ya ce maka sannu? Tun da anka hwara maganar Shari'a, in sun hango ka sai su sake hanya, awa kai kaɗai ka sha. Bar su a karanta su!"

"Ni ban ma cika sha ba. Zubawa nike."

"Kana wasa, Malam."

"Ba wasa nike ba, laihina ya hi nasu nauyi. Hindu, cikinsu akwai mai jan salla yanzu. Akwai wanda ɗiyanshi ke zagaya unguwa suna wa mutane wa'azi. Sun tuba kamar yadda na tuba. Allah Ya ruhe musu shekara da shekaru, sai ni in tashi tahiya in yaye? Ni na kwaɓa simintin nan. Ina son in gani da idona an ruhe shi kahin in tahi."

Ta ce a kira mai fenti. Ya ce mai fenti yana da ido, yana kuma da baki. Ta ce a sa guduma a ciccire su. Ya ce ƙarar guduma za ta tara unguwa, kuma ramin da murfi ya bari shi ma sunan zai rubuta. Ita Hindu ba ta yi boko ba, sunayen nan a wajenta zane ne kawai. Mutum ɗaya ya yarda a kira, Alheri, matar marigayi direban jirgi, 'yar Kafanchan da ta tsufa a Ƙaura. Ita ce mai dafa farfesu a mashayar a wancan zamani, ba sunan da za ta gani ya zame mata labari. Ita ta kawo jan fentin ma, ragowar wanda aka shafa a majami'arsu. Su biyu suka janye tebura, suka naɗe leda, suka share, suka shafa da tsumma. Ga abin da ya haifar.

Suna zaune suna kallon ɓarnar sai suka ji sallama a cikin gida, da murya kamar ta mai tallan fura. Gwaggo ce, yayar Sanda, daga Katuru. Kowa Gwaggo yake ce mata, har sa'o'inta. Ta sauka a tasha, 'yan kabu-kabu suka ce an hana su ɗaukar mata, ta tako da ƙafa tana musu addu'ar da ba a cewa amin.

"Ni mace ce?" take faɗi tana sauke ƙunshinta. "Na haihi uban mai babur ɗin! Ina ƙanen nawa?"

Ta shiga ta gan shi, ta fito ta tsaya bayan ɗaki ta fyace hanci. Da ta juyo sai ta ga jan fenti a hannun Hindu har gwiwa.

"Ke kuma mijinki na kwance kina ƙunshi?"

Hindu ta dubi ɗakin Sanda. Daga ciki ya ce, "Nuna mata. Ba ta iya karatu ba, kuma in ba a nuna mata ba, ba mai barci gidanga."

Gwaggo ta tsaya bakin ƙofar da ta haɗa shago da tsakar gida, ta ƙanƙance ido.

"Mi anka rubuta?"

"Tsiyar ƙuruciya ce," in ji Alheri.

"To na gane. Wa ya ba ku shawarar mai ƙyalli? Ku mutanen birni komi sai mai ƙyalli. Abin da ke sheƙi ba shi ruhe asiri, tonawa shikai. Kun taɓa ganin amarya mai ƙuraje an shahe ta da mai? Hoda aka sa mata." Ta taɓa fentin da yatsa ta sansana. "Na ina ne?"

"Na majami'armu ne, Gwaggo."

"To ya zo gidan da anka hi bukatarshi. Ku samo mini yashi. Na gulbi, mai laushi."

Ashe Gwaggo a Katuru ita ce uwar daɓe. Shekara arba'in ba a yi ɗakin amarya a garin ba sai ita ta ja gaba, mata na bayanta da madaɓai, ana zuba tsakuwa ana yayyafa makuba, ruwan jiƙon ɓawon ɗorawa, ana bugu. Ba ta taɓa riƙe buroshi ba, amma ta san ƙasa.

Nan ne na shigo labarin, shigar da ba ta amfane ni da komai ba. Ina ƙofar gida na ga Hindu da Alheri suna dawowa daga gulbin Gagare, kowacce da kwano a ka, sawu na uku ke nan.

"Hindu, yashin mi haka?" na ce.

"Na suyar gyaɗa ne."

Kwano shida! Gyaɗar Ƙaura duka za ta soya? Na bi su da sunan duba mai jiki, Gwaggo ta tare ni a tsakar gida ta ce yana barci, ta rako ni har waje tana tambayata lafiyar jikokina ɗaya bayan ɗaya. Sun san halina, kuma na yi makarantar yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi. Ban ga laifinsu ba.

Ranar farko suka karce fentin da dutsen goge kaushi har sheƙin ya mutu. Gwaggo ta kwaɓa busasshen siminti da fenti ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai, suka bi murafen ɗaya bayan ɗaya suna cusawa da sakaina suna lailayewa. Hindu tana yi tana ƙunƙuni. A wani suna mai tsawo kusa da taga ta tsaya.

"Alheri, wanga na wane ne?"

"Na manta karatu."

"Jiya kinka karanta mini takardar magani."

"Yau da safe na manta."

"Guda ɗaya dai. In san wanda nike wa wahala."

"Hindu, in na faɗa miki, gobe ya zo gaisuwa da wane ido za ki dube shi? Cika ramin kawai."

Ta cika, ta danna sakainar da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Rana ta biyu suka sake shafa fenti, yanki-yanki. Tun yana ɗanye Gwaggo ke bi da rariya tana tankaɗe yashi a kai kamar mai tankaɗen gari, sannan ta bi da ɗan katako tana bubbugawa a hankali. Hannu ya tuna aikinsa, sai baki ma ya tuna, ta fara waƙar daɓe ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, an hana waƙa hwa," in ji Hindu.

"Su zo su kama ni. Daɓen da ba waƙa tashi shikai."

Daga ɗaki suka ji Sanda yana dariya, dariyar ta koma tari, Hindu ta ruga da hannu duk fenti.

Sai ruwa ya sauko. Kwana biyu ana yi, sama ta ƙi washewa, fenti ya ƙi bushewa. In ka taɓa sai ya kama yatsa. Sanda kuwa ya daina karɓar ko kunu, sai ruwa a cokali. Kowace safiya in Hindu ta shiga, kafin ta gaishe shi zai ce, "Ya bushe?" Ta ce saura kaɗan. Rana ta biyu da ya tambaya, muryar ba ta fita sosai ba, sai leɓe. Hindu ta fito ta tsaya tsakar gida, ruwa na dukanta, ta ɗaga kai sama. Ba tsawon rai ta roƙa masa ba, ta san wannan ya wuce. Kwana biyu na rana ta roƙa. Gwaggo ta hura gawayi a kasko uku ta jera a bakin ƙofofin shagon, tana fifita tana faɗa da hadari kamar yana jinta.

Allah Maji roƙo. Washegari rana ta fito tun da sassafe, irin mai zafin nan ta bayan ruwa. Zuwa azahar ƙasa ta yi ƙarau. Suka share yashin da bai kama ba, suka tsinka sauran fentin da kananzir suka bi sama. Ya fito ja mai duhu, garas-garas, ba sheƙi ko kaɗan. Hindu ta ce alhamdu lillahi, an gama.

Gwaggo ta durƙusa, ta kwantar da kai gefe.

"Ba a gama ba. Ga inuwarsu nan."

Gaskiyarta. In ka san inda za ka duba, wurin da aka cike ya ɗan fi sauran tudu, kamar tabon tsagar gado a fuskar tsoho.

"Fenti ya ƙare, Gwaggo," in ji Alheri.

"Ba ja nike so ba. Zabuwa ba ta ɓuya a hili, sai cikin zabi. Mi ƙanena ke shafa wa kawunan keke?"

Suka buɗe akwatinsa suka sami gwangwani biyu, baƙi da ruwan ɗorawa, waɗanda yake sabunta tsohon keke da su. Gwaggo ta tsoma bakin tsintsiya a baƙin, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta buga tsintsiyar a damtsenta yadda ake yayyafa makuba. Ɗigo ya watsu ko'ina. Ta miƙa wa Hindu wata tsintsiyar da ruwan ɗorawa.

"Kada ki bi sunayen, nan ne wautar. In kinka tara a kansu kin nuna su. Watsa ko'ina, har inda ba komi. Ido shi rasa inda za shi tsaya."

Suka yi ta watsawa suna ja da baya har suka fice ta ƙofar gida. Su kansu sun koma zabi, fuska da zane duk ɗigo. Alheri ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi Alheri, suka fashe da dariya har da riƙe bango.

Da safe Sanda ya ce a kai shi. Su uku suka ɗauke shi a tabarma, bai fi nauyin damin kara ba. Hindu za ta jingina shi da bango ya ce a'a, a kwantar da shi a bakin ƙofa, kuncinsa a ƙasa. Ya ce Alheri ta buɗe ƙofar waje kaɗan, kamar faɗin tafin hannu.

"Hasken gehe shi ka tona aibi," ya ce. "Haka nike duba farantin keke."

Rana ta shigo a kwance ta bi ƙasa har fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya je kusa da taga ya tsaya, ya koma lungun gabas ya tsaya, ya bi gindin bango a hankali. Shi ya san wurin zaman kowa.

"Alheri."

"Na'am, Oga."

"Ke kin iya karatu. Karanta mini."

Alheri ta durƙusa da tsofaffin gwiwoyinta, ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta rarrafa har wajen taga.

"Oga, ni dai zabuwa nake gani."

Ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen hanci ya sauka a sabon daɓen.

"Alhamdu lillahi. Yaya, Allah Shi ruhe ki kamar yadda kinka ruhe. Alheri, Allah Shi saka." Ya nemi hannun Hindu, ta ba shi, duk da kunyar Gwaggo. "Kin sauke mini kaya."

"Ba don su na yi ba, Malam."

"Na sani."

Ranar ya sha kunu cokali biyar. Ya kwana biyu bayan haka, ba ya tambayar komai, sai salati. Ranar Laraba bayan azahar, Gwaggo tana masa fifita Hindu tana riƙe da kansa, ya cika da kalmar shahada. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi.

Kamar yadda ya faɗa, maza suka kwashe kekuna suka jingine a bango, suka shimfiɗa tabarmi. Na ji da kunnena wani tela yana cewa, "Kai, Sanda da son gyara! Yana kwance ma sai da ya sa aka yi wa shago kwalliya." Telolin Shinkafi suka zo mota guda, na Zurmi suka zo, shago ya cika har waje.

Hindu tana cikin gida tsakiyar mata. Akwai 'yar taga a bangon shagon, wadda take miƙa masa abinci ta ciki. Da safiyar kwana na biyu, kafin mutane su taru, ta tashi ɗauko buta sai ta ji sallama a shago, ta leƙa. Dattawa ne, su huɗu, da manyan riguna da carbi. Ba tare suka zo ba, a ƙofa suka haɗu, kuma kowa ya kauce wa idon ɗan'uwansa. Ga wuri fili a tsakiya, amma ba wanda ya zauna nan. Ɗaya ya nufi lungun gabas, biyu suka bi gindin bango, na huɗun, mai farin gemu, ya wuce kai tsaye gindin tagar waje.

Na yi shekara ina lallashinta ta faɗa mini ko su wane ne. Har goro na sai mata. Ta ce ta manta fuskokinsu.

Mai farin gemun ya zauna, ya gyara riga. Can sai ya sa yatsa ya ɗaga gefen tabarma, kamar mai kakkaɓe ƙura. Ya duba. Ya ƙara ɗagawa. Ya sa tafin hannu ya shafa ƙasa, gaba da baya, ya tsaya, ya sake shafawa. Hannun ya daɗe a wurin. Sannan ya mayar da tabarmar a hankali, ya lallaɓa ta ta kwanta.

Can liman ya iso da jama'a, ya ce a yi wa mamaci addu'a. Dattijon ya ɗaga hannuwa. Kowa ya shafa ya sauke, shi bai sauke ba sai can. Da ya shafa, Hindu ta ga 'yan ƙwayoyin jan yashi sun maƙale a farin gemunsa. Ta ɗauki butarta ta koma cikin mata.